Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga iyayen Falasɗinu da Isra'ila da suka binne 'ya'yansu, suka zauna a tabarma ɗaya

Zuwa ga iyalan ƙungiyar Parents Circle, Falasɗinawanku da Isra'ilawanku,

A ƙasarmu idan mutum ya shiga gidan rasuwa ba ya farawa da dogon zance. Takalmi zai cire, ya samu gefen tabarma ya durƙusa, ya ce, "Ya haƙuri?" Masu gida su amsa, "Da godiya." Daga nan sai a yi shiru na ɗan lokaci kafin wani ya sake buɗe baki. To iyayena da yayyena, ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri? Allah ya sanyaya muku zukata.

Ni malamin makaranta ne a Kaduna, a arewacin Najeriya. Ban taɓa taka ƙasarku ba, amma da sunanta na tashi. Tun muna makarantar allo aka karantar da mu cewa Masallacin Ƙudus shi ne alƙiblar farko, kuma can aka yi Isra'i da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Duk sanda wuta ta tashi a Gaza limamanmu kan yi alƙunuti, mu ɗaga hannu muna amin har wasu su fashe da kuka a cikin sahu. A ofishin malamai na makarantarmu kuma akwai abokan aikina Kiristoci da suka je ziyarar ibada, suka dawo da hotunan Baitalami da Kogin Jodan, suna ba da labari da irin shauƙin da alhazanmu ke ba da labarin Makka. Shayi ɗaya muke sha da su kullum safe. Amma da zarar zancen ƙasarku ya taso, sai kowa ya sunkuyar da kai ya kama duba takardun ɗalibai.

Ba zan ɓoye muku inda zuciyata ta karkata ba. Tana wajen Falasɗinawa: mutanen da aka raba sama da 700,000 daga cikinsu da garuruwansu a 1948, waɗanda har yau jikokinsu ke ajiye da makullan gidajen da aka hana su komawa, waɗanda ke zaune ƙarƙashin mulkin soja a Gaɓar Yamma tun 1967. Shi ya sa ranar da na fara jin labarinku raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata wannan ai rufa-rufa ce, an samo wanda aka zalunta an zaunar da shi kusa da ɗan gidan da ya zalunce shi don a ɗauki hoto, Turawa su gani su ji sanyi. Na daɗe a kan wannan ra'ayi. Abin da ya raba ni da shi 'yan mata ne guda biyu.

Smadar, 'yar Malam Rami Elhanan, saura 'yan makonni ta cika shekara 14 lokacin da 'yan ƙunar baƙin wake suka tayar da bama-bamai a titin Ben Yehuda na Ƙudus, ranar 4 ga Satumba, 1997. Ta fita ne da ƙawayenta a farkon zangon karatu. Abir, 'yar Malam Bassam Aramin, shekararta 10. A watan Janairun 2007 ta fito daga makarantarsu a Anata, wani gari na Falasɗinawa kusa da Ƙudus, ta sayi alawa, harsashin roba na wani ɗan sandan kan iyaka na Isra'ila ya same ta a ƙeya. Kwana biyu ta yi a asibiti, rai ya yi halinsa. Ni da nake tsayawa a bakin ƙofar makaranta kullum in ga yara sun yi dafifi wajen mai alawa da mai awara, wannan alawar ta Abir ta hana ni barci.

Malam Bassam, na karanta cewa kana ɗan shekara 17 aka ɗaure ka, ka yi shekara 7 a kurkukun Isra'ila. A can aka nuna muku fim kan kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa a Turai, ka zauna da niyyar ka ji daɗin ganin maƙiyanka suna mutuwa, sai ka tsinci kanka kana hawaye kana ɓoyewa kada 'yan ɗakinku su gani. Malam Rami, kai kuma mahaifinka daga sansanin 'yan Nazi na Auschwitz ya tsira, ka yi yaƙin 1973 a matsayin soja, kuma da bakinka ka faɗa cewa sai da ka kai shekara 47 kafin ka kalli Bafalasɗine a matsayin mutum irinka, ranar da ka ga iyaye suna saukowa daga mota, cikinsu har da wata dattijuwa da ta rataya hoton ɗanta a ƙirji kamar yadda matarka ke rataya sunan Smadar. Da aka harbi Abir, kana cikin waɗanda suka je asibiti suka zauna da ubanta har ta cika. Wanda ya je asibiti ya raba dare da kai a kan gadon 'yarka, wannan ba don hoto ya zo ba. Nan na gane na yi muku mummunan zato, kuma ina neman afuwarku.

Akwai dalilin da ya sa labarinku ya shige ni haka. A watan Fabrairun 2000 garinmu ya kama da wuta tsakanin Musulmi da Kirista. An rasa rayuka sama da dubu. A cikinsu akwai ƙanena. Ya fita da safe bai dawo ba, sai bayan kwana uku muka gane shi da rigarsa. A lokacin gidanmu yana kudu da kogi, a unguwar da muka taso cakuɗe da Kiristoci, muna kai musu naman layya suna kawo mana shinkafar Kirsimeti. Bayan rikicin muka kwashe kaya muka tsallaka gada zuwa arewa, su ma nasu da ke arewa suka tsallako kudu. Har yau haka Kaduna take, kogi ya raba ta gida biyu. Ba a gurfanar da kowa kan ƙanena ba. Ba wanda ya zo ya ce shi ne, ko ya san wanda ya yi. Wani dattijo maƙwabcinmu, Kirista, wanda ya goya mu duka muna yara, ya aiko da saƙon ta'aziyya ta bakin wani direba. Mahaifiyarmu ta juya fuska bango. Ni ma ban mayar da amsa ba.

Mun samu lafawar rikici, ana kasuwa, ana hawa mota ɗaya. Sulhu kam ba mu yi ba, rabuwa muka yi. Na san bambancinsu a jikina, shi ya sa idan na ji ana cewa katanga da shingen bincike za su kawo wa ƙasarku zaman lafiya, nakan tuna gadarmu.

Kalmar sulhu da muke faɗa da Hausa daga Larabci muka aro ta, kuma na yi murna da na gano cewa a ƙauyukan Falasɗinu tana da tsari mai kama da namu. Idan jini ya shiga tsakanin gida biyu, dattawa masu mutunci sukan haɗa tawaga su tafi gidan da aka yi wa ɓarna. A kawo musu gahawa, su ajiye kofi a ƙasa su ƙi sha har sai an amsa musu abin da ya kawo su. A sa wa'adin da ba wanda zai ɗaga hannu. Ɓangaren da ya yi kisa ya amsa laifinsa, a yanka diyya, sannan a taru a bainar jama'a a yi musabaha a ci abinci tare. Mu ma a nan haka dattawanmu ke kashe magana: mai laifi ya zo da manyansa, ya durƙusa, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, kafin a roƙi wanda aka cuta ya ce ya yafe. Ba a fara cin tuwon sulhu kafin a amsa laifi. Wanda ya ce maka ka yi haƙuri alhali ƙafarsa tana kan taka, ba ban haƙuri yake yi ba, so yake ka yi shiru.

A nan ne nake so in tsaya da ku sosai, domin a nan tsorona yake. Hawayen Malam Rami da na Malam Bassam nauyinsu ɗaya, ba mai tababa. Amma idan taro ya tashi, ɗaya zai shiga motarsa ya bi titin da ya ga dama, ɗayan kuma sai da takardar izini daga sojan da ke mulkinsa, kuma ana iya hana shi ba tare da an gaya masa dalili ba. Sau da yawa ministocin tsaron Isra'ila sun hana iyaye Falasɗinawa izinin halartar taron tunawa da mamata na haɗin gwiwa da kuke yi tun 2006 tare da Combatants for Peace, ƙungiyar tsofaffin mayaƙan ɓangarorin biyu, sai da aka je Kotun Ƙoli ta tilasta a bar su. Ita kanta shari'ar Abir misali ce. Da farko hukuma ta musanta cewa harsashinta ne. Sai a 2010 wata kotu a Ƙudus ta tabbatar cewa alhakin yana wuyan gwamnati, daga baya aka yanke diyya. Wanda ya harba bindigar kuwa bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. An biya kuɗi, ba a amsa laifi ba. Sai tsofaffin sojojin Isra'ila, abokan ubanta, su ne suka zo da hannunsu suka gina wa yaran makarantarta filin wasa da sunanta. Abin da hukuma ta kasa, ɗaiɗaikun mutane suka ɗan taɓa.

Na san kun san wannan fiye da ni, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na kuma san ƙungiyarku ba ta ɓoye cewa sai an kawo ƙarshen mamaya. Roƙona shi ne kada gajiya ko neman karɓuwa su sa ku sassauta wannan magana. Duniya tana son jin labarin uba biyu da suka rungumi juna, ba ta cika son jin abin da suka ce bayan rungumar ba. A watan Yulin 2024 Kotun Duniya da ke Hague ta bayyana cewa ci gaba da zaman Isra'ila a yankunan da ta mamaye ya saɓa wa doka. Lokacin da Yasser Arafat da firaministan Isra'ila Yitzhak Rabin suka yi musabaha kan yarjejeniyar Oslo a fadar White House ranar 13 ga Satumba, 1993, Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna a Gaɓar Yamma ba su fi kimanin 110,000 ba. Yau sun haura rabin miliyan, ban da na gabashin Ƙudus. Yarjejeniyar Oslo ta ɗage duk manyan batutuwa zuwa gaba, wato Ƙudus da 'yan gudun hijira da matsugunai da iyakoki, da alkawarin za a gama cikin shekara 5. Aka sha gahawa kafin a ji amsa. Manomin da ake sare masa itatuwan zaitun yana kallo, da wane baki za a ce masa ana kan tattaunawa?

Wani abin da tarihin waɗannan shekaru ya koya mini shi ne, masu tsattsauran ra'ayi na ɓangarorin biyu kamar aiki ɗaya suke yi ba tare da sun haɗu ba. Ranar 25 ga Fabrairu, 1994, cikin azumi, wani Bayahude ɗan kama-wuri-zauna, Baruch Goldstein, ya shiga Masallacin Annabi Ibrahim a Hebron ya kashe mutum 29 suna sallar asuba. Bayan 'yan makonni bama-baman Hamas suka fara tashi a motocin safa na Isra'ila. Ranar 4 ga Nuwamba, 1995, Bayahude ɗan'uwansa ne ya harbe Rabin bayan gangamin neman zaman lafiya a Tel Aviv. A ƙarshen Maris 2002, lokacin da shugabannin Larabawa ke taro a Beirut don amincewa da tayin Yarima Abdullah na Saudiyya, wato cikakkiyar hulɗa da Isra'ila idan ta janye zuwa iyakokin 1967, sai ɗan ƙunar baƙin wake ya faɗa wani otal a Netanya ana cin abincin Idin Ƙetarewa, mutum 30 suka mutu. Tayin ya nutse cikin jini tun bai isa kunnen mutane ba. Duk sanda ƙofa ta ɗan buɗe, akwai mai jiran ya banko ta da gawa. Ku kuwa na ga kuna ƙwace gawar daga hannunsu. Mama Robi Damelin, da sojoji suka zo gaya miki an harbe ɗanki David a shingen bincike a watan Maris na 2002, abin da ya fara fita daga bakinki shi ne kada a kashe kowa da sunan ɗanki. Daga baya kika rubuta wa iyalan wanda ya harbe shi wasiƙa. Na yi shekara da shekaru ban iya amsa gaisuwar ta'aziyya ba, ke kuwa kin rubuta wa gidan da harsashin ya fito.

Yanzu bari in juyo gida, don laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ranar 7 ga Oktoba, 2023, da Hamas ta kai hari kudancin Isra'ila, na ga saƙonni suna yawo a wayoyinmu, mutanen kirki da na sani suna kabbara. An kashe kimanin mutum 1,200 a ranar, akasarinsu farar hula, an yi garkuwa da kimanin 250. A cikin waɗanda aka kashe akwai Vivian Silver ta ƙauyen Be'eri, dattijuwa mai shekara 74 da ta ƙarar da rayuwarta tana neman wa Falasɗinawa haƙƙi. A cikin waɗanda aka ɗauke akwai Oded Lifshitz na Nir Oz, tsoho mai shekara 83, wanda ke zuwa bakin iyakar Gaza da motarsa ya ɗauki marasa lafiya ya kai su asibitocin Isra'ila kyauta. Gawarsa aka mayar a watan Fabrairun 2025. Ban san wata aya ko hadisi da suka halatta wannan ba. Abin da na sani shi ne Alƙur'ani ya ce kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu ƙi yin adalci. Na kuma san an wuce da gawar Bayahude ta gaban Manzon Allah ya miƙe tsaye, da aka ce masa ai Bayahude ne, ya ce shin ba rai ba ne? A bakinmu kuwa kalmar Bayahude ta koma zagi, da ita muke kiran duk mai mugun hali. Na faɗe ta a aji ba sau ɗaya ba. Na daina, kuma ina hana ɗalibaina.

Abin da ya biyo baya a Gaza kuwa, alƙalami ba ya iya ɗaukarsa. Sama da mutum 65,000 bisa ƙidayar ma'aikatar lafiya ta yankin, dubbai a cikinsu yara ƙanana. Unguwanni sun koma tarin ƙasa, asibitoci sun rushe, yunwa ta kashe waɗanda bam ya bari. Muryar Hind Rajab, ƙaramar yarinyar nan da ta yi ta kiran masu agaji a waya daga cikin mota, gawarwakin danginta kewaye da ita, har aka kashe ta tare da ma'aikatan ceto biyu da aka tura mata, ba za ta fita daga kunnena ba. Babu abin da aka yi ranar 7 ga Oktoba da zai wanke wannan, kamar yadda babu abin da aka yi tun 1948 da zai wanke kisan Vivian. Iyayena na ɓangaren Isra'ila, wannan nauyi a kanku yake, domin da harajinku da 'ya'yanku aka yi shi, kuma ku ne kuke da ƙuri'a a ƙasar da ke riƙe da makullin. Na san abin da faɗin haka ke jawo muku. A 2023 ma'aikatar ilimi ta hana ku shiga makarantu, inda kuka shafe shekaru kuna zuwa biyu-biyu, Bafalasɗine da Ba'isra'ile, kuna ba ɗalibai labarinku. A watan Afrilun 2025 wasu gungun mutane suka far wa wani wurin ibadar Yahudawa a Ra'anana don kawai ana nuna taronku na tunawa da mamata a ciki. Gwamnatin da ke da jiragen yaƙi, me ya sa take tsoron uwa biyu su tsaya gaban 'yan aji shida? Ni a wurina wannan tsoron shaida ne cewa aikinku yana taɓa inda ya kamata.

Iyayena na ɓangaren Falasɗinu, ku ma na san kuna shan naku. Ana kiran abin da kuke yi taɗbi'i, wato mayar da mamaya abin da aka saba da shi, ana ce muku kun sayar da jinin 'ya'yanku. Ba zan raina masu faɗin haka ba, don ni ma na taɓa faɗa, kuma da yawansu ciwo ne ke magana a bakinsu. An yi tarurrukan sada zumunci da yawa bayan Oslo waɗanda ba su cire ko shinge ɗaya ba. Sai dai akwai bambanci tsakanin zaman da ake yi don a manta da zaman da ake yi don a tilasta wa ɗayan ya ji. Saurayin da zai sa kakin soja baɗi, idan ya taɓa zama gaban mahaifin Abir ya ji yadda aka yi, akwai yiwuwar yatsansa ya yi nauyi a kan kunamar bindiga wata rana a wani shinge. Ran yaro ɗaya da zai tsira ta haka ya fi mini dubban jawabai.

Ana yawan tambaya, to ina fatan yake? Ni dai ba a takardun da ake sa wa hannu nake ganinsa ba, ko da yake na yi hamdala da tsagaita wutar Oktoban 2025, na kuma ji daɗin ganin Birtaniya da Faransa da Kanada da Ostireliya sun amince da ƙasar Falasɗinu, abin da Najeriya ta yi tun 1988. Ina ganinsa ne a lissafi mai sauƙi. Tsakanin kogi da teku akwai Yahudawa kimanin miliyan 7 da Falasɗinawa kimanin miliyan 7. Babu wanda zai tafi. An gwada kora, an gwada katanga, an gwada bam a kasuwa, an gwada bam daga sama, kowanne ya ƙara muku mambobi ne kawai, ku da kuke cewa ku ƙungiya ce da ba ta son sabon mamba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ko ƙasa biyu za a yi, ko ɗaya, ko wani tsari da ba a raɗa wa suna ba tukuna, ranar da za a zauna dole a samu mutanen da suka riga suka san yadda ake kallon juna ido da ido. Ku ne kuke tanadin waɗannan mutane.

Kuma ba ku kaɗai ba ne. Maoz Inon, Ba'isra'ile, ya rasa uwa da uba a gidansu na Netiv HaAsara ranar 7 ga Oktoba, cikin kwanakin makoki ya fito ya ce shi ba ya neman fansa. Cikin waɗanda suka fara yi masa ta'aziyya akwai Aziz Abu Sarah, Bafalasɗine, wanda yayansa ya rasu sakamakon dukan da ya sha a tsare a hannun Isra'ila. Yau tare suke yawo. Dokta Izzeldin Abuelaish, likitan Gaza da ya yi aiki a asibitocin Isra'ila, harsasan tankar yaƙi sun kashe masa 'ya'ya mata uku da 'yar ɗan'uwansa a ɗakinsu a Janairun 2009, ya ce ba zai bar ƙiyayya ta ci shi ba. Shi kansa Hebron, garin da aka zubar da jini a masallaci a 1994, aka kuma kashe Yahudawa 67 a 1929, shi ne garin da a wancan rikicin na 1929 iyalai Larabawa suka ɓoye ɗaruruwan maƙwabtansu Yahudawa a cikin gidajensu. Larabawa suna kiransa Al-Khalil, garin Badaɗin Allah. A Attaura an ce Isma'ila da Ishaƙa tare suka binne mahaifinsu a wurin. 'Yan uba ne da aka raba tun suna yara, makoki ya sake haɗa su.

Mu ma muna da namu. A 1995, shekarar da Yitzhak Frankenthal ya kafa ƙungiyarku bayan Hamas ta kashe ɗansa Arik, a nan Kaduna aka haɗa Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. Dukansu sun jagoranci matasa masu faɗa da juna. Fasto ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, Imam ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Suka kafa cibiyar sasanci tare. A watan Agustan 2002 suka sa malamai da fastoci suka rattaba hannu kan sanarwar zaman lafiya ta Kaduna, bayan wata uku rikici ya sake ɓarkewa a garin, mutane suka ce ai ga shi nan, aikin banza. Ba su bari ba. Suka tafi Yelwan Shendam a jihar Filato, inda aka yi mummunan kisa a 2004, suka yi ta zarya har al'ummomin garin suka zauna suka nemi gafarar juna a bainar jama'a. Na ambace su ne don ku san cewa idan aka ce muku 7 ga Oktoba da Gaza sun tabbatar aikinku na banza ne, an taɓa faɗa wa wasu haka a wani gari mai nisa.

Ina da buƙata a wurinku. Mu mutanen rediyo ne. Manomi a gona, mai shayi a bakin titi, tsohuwa a tsakar gida, kowa da akwatinsa a kunne, kuma labarin ƙasarku ba ya wuce mu. Sai dai adadi kawai muke ji, yau an kashe kaza, gobe kaza. Ba mu taɓa jin muryar uwar Isra'ila da uwar Falasɗinu suna magana a jere, ana fassara mana da Hausa ba. Idan wata kafa tamu ta neme ku, don Allah ku amsa. Idan ba ta neme ku ba, ku ba da izini a fassara shaidarku, ni zan karanta wa ɗalibaina, zan kuma kai wa abokan aikina da muke shan shayi tare. Muna buƙatarta saboda ku, muna kuma buƙatarta saboda kanmu, domin rikicin ƙasarku yakan tsallako ya zauna tsakaninmu da maƙwabtanmu a nan, kowa ya ɗauki tuta ya rataya a kan tsohon ciwonsa.

Mahaifiyarmu ta rasu ba ta sake tsallaka gadar nan ba. Dattijon da ya aiko mana da ta'aziyya, na bincika, yana raye, idonsa ne ya tafi, yana zaune wurin ɗansa a can kudu da kogi. An ce shi ma ya rasa ɗan ƙanwarsa a kwanakin nan uku da muke neman ƙanena, abin da ban taɓa sani ba domin ban taɓa tambaya ba. Na karɓi lambar ɗan nasa makon jiya. Na gaya wa yayata ina so mu je ranar Asabar, ta yi shiru, daga baya ta ce in saya masa goro da sabulu, ita za ta dafa abin da za mu riƙa.

Wassalam.

Naku,
wani malamin makaranta daga Kaduna